Labarin Yanayi da Kunnen Manomi

Tun kafin a kafa ma'aikatun duba sararin sama, manomin ƙasar Hausa yana da nasa lissafi. Ya raba shekara gida huɗu, watau bazara, da damina, da kaka, da rani. Malamai kuma suna da lissafin taurari 28 da aka samo daga Larabawa, kowane tauraro kwana 13, sai ɗaya mai kwana 14, jimla kwana 365. Yau kuwa an sami ƙari. Bayan farin 1972 da 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai cikin 1974, a Nijeriya kuma aka kafa hukumar NiMet cikin 2003, wadda ta kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Yawancin manoma ta rediyo su ke jin labarin, da Hausa. Nufin wannan 'yar takarda shi ne duba wurare uku inda ma'ana ta kan zube tsakanin ofis da gona.

Na farko shi ne kalmar "yanayi" ita kanta. Mun ɗora mata kaya biyu: halin da sama ta ke ciki yau ko gobe, da kuma halin da a ka san ƙasa da shi bisa awon shekaru masu yawa, galibi 30. Sabo da haka in an ce "sauyin yanayi", mai sauraro yana iya ɗauka ana nufin fitar hunturu da shigowar bazara, alhali mai magana yana nufin canjin da ya shafi damina bayan damina. Gyaran wannan ba wuya, sai a riƙa cewa "yanayin yau" da "yanayin ƙasa".

Na biyu ya fi nauyi, shi ne faɗuwar damina. Bahaushe bai haɗa ruwan sama cikin kalma ɗaya ba. Yana da yayyafi, da mamako, da marka, yana kuma da ruwan shuka, wanda a kan gane shi ta haƙa ƙasa da hannu a ga iyakar inda laima ta kai. Su ma masana ba ruwan farko su ke kira farkon damina ba. Wani ma'auni da a ke yawan aiki da shi a yankin Sahel shi ne a sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kada kuma ruwa ya ɗauke fiye da kwana bakwai cikin kwana 30 da su ka biyo baya. To, in mai fassara ya taƙaita duk wannan ya ce "za a fara ruwa ran kaza", ya yar da rabin labarin. Manomi ya shuka, ko kuwa wanda ya yi binne irinsa ya tsira da ruwan farko, sa'an nan sama ta yi shiru mako biyu, tsiro ya ƙone. Sai ya sake neman iri a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Gero kuwa yana bukatar wajen kwana 90, kuma a ƙasashen Katsina da Damagaram damina ba ta ɗara haka da yawa ba. Asarar mako uku a farko ita ce tsabar da ba za ta cika ba a kaka.

Na uku magana ce ta nahawu. Hasashe zato ne mai ƙarfi, bai kai alkawari ba. Hausa tana da hanyar nuna wannan, domin tana da lokaci na gaba iri biyu: "ruwa zai sauka", da kuma "ruwa ya sauka" inda a ke faɗin "ya" da karin sauti mai faɗuwa, ma'ana ana sa ran saukarsa. Amma da ya ke rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, wannan jimla a takarda daidai ta ke da mai nufin ruwa ya riga ya sauka. Don gudun ruɗu sai mai rubuta labari ya koma ga "zai", zato ya zama tabbas. Ran da ruwan bai zo ba, manomi ya ce an yi masa ƙarya, baɗi kuwa ko gargaɗin ambaliya a ka yi, irin wadda ta auku cikin 2012 da 2022, ba lalle ne ya saurara ba.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, aikin a bayyane ya ke. A sa ɗalibai su tattara kalmomin ruwa da iska na garuruwansu daga bakin tsofaffin manoma, domin na Sakkwato ba lalle su zama na Zazzau ba. A kuma koya musu bambanta "tabbas" da "ana kyautata zato" da "mai yiwuwa" wajen fassara. Malamin ƙauye shi a kan tambaya abin da rediyo ta ke nufi, ya kamata ya san amsa kafin a tambaye shi.