Matan Turawan Mishan na Farko da 'Ya'yansu

'Yan'uwa, in ana ba da labarin shigowar Bishara ƙasar nan, sunayen maza ake kira. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Ikko a 1893, dukansu samari. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Likita Miller na Zariya, wanda ya iso a 1900, bai taɓa yin aure ba. Sai daga baya masu iyali suka fara yawa.

Mu nan wajen Daura da Katsina, an daɗe ba a yardar wa mishan su zauna a ƙasar sarakuna ba. Maƙwabtanmu na Tsibiri, kusa da Maraɗi, sun riga mu tun 1928. Aikin kutare ne ya buɗe ƙofa a 1937, sa'ad da mishan ɗin S.I.M. ta karɓi asibitin Babbar Ruga. A irin waɗannan tashoshi maigida yakan fita ƙauyuka wa'azi, uwargida ce take wanke gyambo, ta karɓi haihuwa, ta koya wa yara a ba ca da. Ita ce kuma take shiga wurin matan kulle, inda mijinta ba shi da hanya. A ganina rabin aikin nata ne, amma wa yake tunawa da sunanta?

Ba a nan kaɗai ba. A yammacin Amurka, Narcissa Whitman ta bi mijinta zuwa Oregon a 1836. 'Yarsu tilo ta faɗa kogi tana shekara biyu, ta mutu. A 1847 aka kashe miji da mata bayan annobar ƙyanda.

Abin da ya fi yi wa iyayen nan ciwo shi ne rabuwa. Bayan an buɗe makarantar Kent Academy a Miyango, kusa da Jos, a 1946, yaro yana kai shekara shida ko bakwai sai a ɗaure masa akwati, ba zai ga uwarsa ba sai hutu. Waɗansu da suka girma sun faɗa a fili cewa rabuwar ta bar musu tabo, ni kuwa malamin makaranta ban ga laifinsu ba. A maƙabartar mishan ta Miyango, kaburbura da dama gajeru ne, na jarirai da ƙananan yara.