Hoton Zafin Jiki da Daskarewar Jini a Ƙafa

Ina so in yi bayanin wata cuta da mukan raina. Jini yakan daskare cikin jijiyar ƙafa, musamman ga mai jego ko majinyacin da ya daɗe kwance. Ƙafar ta kumbura, ta ɗau zafi. In gudan jinin ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, yana iya kisa.

Zafin nan ne Cooke da Pilcher suka ɗauki hotonsa da na'ura a Ingila cikin 1973: ƙafar mai ciwo takan fi 'yar'uwarta ɗumi. Amma ƙurji ma yakan nuna haka, shi ya sa yau likitoci suka fi dogara da sikanin. A ganina, wanda ya ga alamun nan a Tsafe ko Bungudu, ya bar tausa, ya nufi asibiti a Gusau.