Ƴan bida: ku san dokar haya kafin ku kama ɗaki a Abijan, Akra ko Legas

Jama'a, kowa ya san yadda abin yake a nan Adar. Da an ɗaure gero an sa a rumbu, sai tasha ta cika. Matasan Illela, Badagishiri, Tajaye, Malbaza, Dogarawa da Ƙonni kowa ya ɗauki jaka, wasu Kodebuwa, wasu Gana, wasu kuma su tsallaka Illelar Najeriya su bi ta Sakkwato har Legas. Ana lissafin kuɗin mota da guzuri, amma ba kasafai ake lissafin wurin kwana ba, alhali nan ne kuɗin mutum ke fara narkewa.

Wani mai sauraronmu ya kira mu daga Abijan, ya ce wani dillali ya nuna masa ɗaki, ya karɓi kuɗin wata huɗu, ya ce ya dawo jibi ya ɗauki makulli. Da ya koma sai ya tarar da wasu mutum biyu a bakin ƙofar, su ma sun biya, dillali kuwa wayarsa a kashe. Babu rasit, babu shaida. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani.

Masauki tukuna

Tun zamanin fataken goro, Bahaushe ba ya sauka baƙon gari haka kawai. Akwai zango, akwai sarkin zango, akwai maigida mai saukar da baƙi, ya ba su ɗaki, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu idan magana ta taso. Tsarin bai mutu ba. A Abijan akwai ƴan uwanmu a Adjamé, Treichville, Abobo, Koumassi da Port-Bouët. A Akra akwai Nima, Mamobi da Sabon Zango. A Legas akwai Agege, Idi-Araba da Mile 12. Yawanci ƴan gari ɗaya sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki guda, sabon zuwa ya raɓa da su.

To shawara ta farko ita ce kada ka yi gaggawa. Zauna wurin ƴan garinku wata ɗaya ko biyu, ka san unguwa, ka san farashi, ka ga ko sana'ar za ta iya ɗaukar haya. Wanda ya daɗe a gari shi ya san dillalin kirki da na banza.

Me doka ta ce?

A Kodebuwa, dokar haya ta shekarar 2018, wadda aka shigar cikin kundin dokokin gini da gidaje na 2019, ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 2 na gaba da kuma wata 2 na ajiya, wato abin da suke kira kosiyon. Dokar ta ce a rubuta kwantira. Shi kuma dillali bisa al'ada yana karɓar kuɗin wata ɗaya. A ce ka samu antire-kushe, wato ɗaki guda a gidan haɗaka, a kan jika 25 a wata: kafin ka shimfiɗa tabarma sai ka tanadi jika 125. Kuɗin ajiyar nan naka ne, ana mayar maka idan ka tashi, bayan an cire abin da ka lalata ko bashin wuta da ruwa. Sauƙin Kodebuwa shi ne sefarmu ɗaya, babu asarar canji.

A Gana, dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata 6 gaba ɗaya. Amma wanda ya zauna Akra ko Kumasi ya san masu gida da yawa shekara ɗaya ko biyu suke nema. Akwai ofishin gwamnati mai suna Rent Control da ke sauraron rikicin mai gida da ɗan haya, kuma baƙo ma yana iya kai ƙara.

A Legas, dokar 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, har ma shi mai biyan ya yi laifi idan ya ba da fiye da haka. Sai dai dokar ba ta shafi Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA ba. Ban da kuɗin shekarar, ka shirya wa kuɗin dillali da na rubuta yarjejeniya.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilin da sauran ƴan haya suka tabbatar maka shi ke karɓar kuɗi. Kada ka tura ko dala ta waya saboda hoton ɗaki da ka gani a Facebook ko WhatsApp. Ka je da shaidu biyu, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka, adadin kuɗi da watannin da aka biya. In ba ka karanta Faransanci ko Turanci, nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka kwantira kafin ka dangwala hannu. Ranar shiga ka ɗauki hoton bango, ƙofa da rufi, domin ranar fita kada a ɗora maka ɓarnar da ka tarar.

Ka kuma tambayi maganar wuta da ruwa. A gidajen haɗaka na Abijan sau da yawa kwanter ɗaya ce ta CIE ko SODECI, ana raba kuɗin tsakanin ɗakuna. Ka ji yadda ake rabon, ka ji ko wanda ya tashi ya bar bashi.

Ɗaki mai araha

Kowa na son sauƙi, amma araha ba ta ado. A shekarar 2024 hukumomin Abijan sun rushe gidaje a Boribana, da Gesco ta Yopougon, da unguwar mahauta ta Port-Bouët, mutane da yawa suka wayi gari a waje da kayansu. Ɗan hayar da ba shi da takarda, wa zai bi ya karɓi kuɗin da ya biya gaba? Haka nan ɗakin da ke cikin kwari ko gindin tudu, idan ruwan watan Yuni ya sauko, ambaliya da zaftarewar ƙasa suna cin rayuka. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya bara.

Takardu

Nijar ta fita daga CEDEAO tun 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun ƴan Nijar, Mali da Burkina Faso har zuwa wata sanarwa, amma wannan ba dalilin sakaci ba ne. Ka fita da katin ɗan ƙasa mai rai, idan ka isa ka je ofishin jakadancinmu ka yi katin konsula. Ka ajiye hoton takardunka da na kwantira a waya, ka turo wa wani na gida.

Ku kuma iyaye da mata da ke gida, a yi haƙuri da ɗan bida a watannin farko. Idan aike ya yi jinkiri, wataƙila kuɗin ɗaki yake haɗawa. Wanda ke da labarin haya a ƙasar waje, mai daɗi ko akasin haka, ya kira mu a shirinmu domin ƴan baya su ƙaru. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi da alheri.