Jar Giyar Morgon da Gonar Iyalan Lapierre

Arewa da birnin Liyon na Faransa, tafiyar kilomita hamsin ko kusa da haka, akwai ƙauyen Villié-Morgon a yankin Beaujolais. Morgon na cikin wurare 10 na yankin da doka ta amince giyarsu ta fita da sunan wurin da aka noma inabinta. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne. Abin da ke gabanmu a nan shi ne sana'ar manoman wurin da yadda ta sarƙu da girkinsu.

Inabin da suke nomawa Gamay ake ce masa, kuma ya taɓa shan wulaƙanci. A 1395 Philippe le Hardi, mai sarautar Burgundi, ya ba da umarni a tuge shi daga ƙasarsa, wai yana zubar wa giyarsu daraja. A kudu, a Beaujolais, ya samu wurin zama, kan tuddai masu ruɓaɓɓen dutse da ƙasa marar ƙarfi. Rashin ƙarfin nan ne ya yi masa rana, domin a ƙasa mai taki yakan zuba 'ya'ya barkatai marasa ɗanɗano.

A Villié-Morgon, Marcel Lapierre ya karɓi gonar gidansu a 1973, zamanin da maƙwabta suka rungumi maganin kashe ciyawa, yis na kamfani da ƙara sukari, ana rige-rigen kai sabuwar giya kasuwa a watan Nuwamba. Daga 1981, bisa shawarar Jules Chauvet, wani masanin kimiyya kuma ɗan kasuwar giya na yankin, ya juya wa wannan hanya baya. Ya daina fesa maganin ciyawa. Yakan jira inabi ya nuna sosai kafin a tsinke shi da hannu, a zuba shi da nononsa cikin babban mazubi ba tare da an matse ba. Iskar kabon da ke taruwa a ciki tana sa kowace ƙwaya ta fara tsimuwa a cikin fatarta, sannan yis ɗin da inabin ya zo da shi daga gona ya ƙarasa aikin. Sinadarin sulfa da ake sawa don kada giya ta lalace kuwa, ko ya sa ɗan kaɗan ko ya bar shi gaba ɗaya. Kasada ce babba, domin kwalbar da ba sulfa, zafin hanya kaɗai ya isa ya ɓata ta. Marcel ya rasu a 2010, 'ya'yansa Mathieu da Camille suka ci gaba da gonar.

Abin da ke fitowa giya ce marar nauyi, mai ƙamshin 'ya'yan ceri da ɗan tsami. Baurinta kaɗan ne, wato irin kamun bakin nan da goro ke yi, wanda a giya daga fatar inabi da ƙwayarsa yake fitowa. Daga nan zaɓin abinci ya samo asali. Girkin Liyon mai maiƙo ne, kuma a ƙananan gidajen cin abincinsu da ake kira bouchon, naman alade da aka cusa a hanji da kayan ciki su ne kan gaba. Tsamin giyar ke yanke maiƙon. Mutanen wurin suna haɗa ta da gasasshiyar kazar Bresse, da zakaran da aka dafa cikin jar giya, da lallausan cukun Saint-Marcellin. Ƙarancin bauri ya sa tana tafiya har da kifi mai kitse kamar salmon, inda jar giya mai nauyi kan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Abinci mai barkono da yawa ne ba sa shiri, domin barasa na ƙara wa yaji zafi.

Ba a kawo ta teburi da ɗumi. Sai an ɗan sanyaya ta zuwa ma'aunin Selshiyos 14 ko 15, in ba haka ba ƙamshin ya dushe, barasar ta fito fili.