Tsaron Ma'ajiyar Bayanai a Masana'antun Kano

Hakimai da magatakardansu sun san yadda ake adana littattafan ofis: rajista a cikin kabad, kabad a kulle, mabuɗi a hannun amintacce. To, da yawa daga cikin masana'antun Kano, watau na Bompai da ke ƙasar Nassarawa, da na Sharada da Challawa, sun mai da lissafinsu cikin kwamfuta. Sunan ma'aikaci da lambar asusunsa na banki da albashinsa da bashin da ake bin kamfani, duk suna cikin na'ura. Idan na'urar ta lalace ko ɓarayi suka shige ta, albashin talakawanku ne zai tsaya, kuma sau da yawa ƙofar hakimi ake fara kai kuka. Saboda haka aka ga ya kamata a bayyana muku yadda wannan ajiya take.

Sito Biyu

Babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfani ana kiranta uwar garke. Dare da rana tana kunne, sauran kwamfutocin ofis kuwa daga gare ta suke ɗibar abin da suke bukata. Wani kamfani yakan ajiye tasa a ɗaki cikin harabarsa, wannan shi ne siton gida. Wani kuma yakan kama hayar wuri a manyan gidajen na'urori na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, yana aika bayanansa can ta intanet. Wannan haya ita ake ce wa gajimare, amma kada sunan ya ruɗe ku. Gini ne a ƙasa mai bango da rufi, kamar waɗanda Microsoft ya buɗe a Afirka ta Kudu a 2019. Kamfanoni da yawa sukan haɗa biyun, abin da ake aiki da shi kullum yana gida, sauran yana siton haya.

Haɗarin Kowanne

Siton gida yana da maƙiya uku: ɗaukewar wuta, da zafin bazara wanda kan wuce digiri 40 a Kano, da ƙurar hunturu mai toshe hanyar iskar na'ura. Ko da yake an buɗe tashar lantarki mai amfani da hasken rana mai ƙarfin megawat 10 a Challawa a watan Janairu na 2023, wannan bai ɗauke wa mai uwar garke wajibcin tanadin batir da janareta da na'urar sanyaya ɗaki ba.

Siton haya kuma ya dogara ga hanya. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna da ofisoshi da yawa a Nijeriya ya sami cikas. Kuma gidan haya ma yakan yi gobara. A watan Maris na 2021 wuta ta cinye wani gidan na'urori na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu haya waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar bayanansu. Hikimar raba ajiya ita ta sa Galaxy Backbone, kamfanin Gwamnatin Tarayya, ya buɗe cibiyar bayanai a Kano a Janairu 2023, ban da wadda yake da ita a Abuja.

Abin lura a nan shi ne, mai gidan haya yana tsaron gininsa da na'urorinsa ne. Wanda za a ba mabuɗi, da abin da za a zuba a ciki, alhakinsa yana wuyan mai kaya.

Ɓarayin Zamani

Waɗannan ɓarayi, watau 'yan kutse, ba sa haura katanga. Sukan aiko da wasiƙar yaudara don ma'aikaci ya ba da kalmar sirrinsa, ko su shiga ta wata kafa da ke cikin tsohuwar manhaja. In sun shiga sai su kulle bayanai, su nemi kuɗin fansa. Haka ta faru a watan Mayu na 2017, sa'ad da muguwar manhajar WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitoci a Ingila suka mai da marasa lafiya gida. Alhali kuwa Microsoft ya fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙa'idodin Tsaro

1. Kowane ma'aikaci ya sami mabuɗinsa, watau suna da kalmar sirri, iyakar abin da aikinsa ya shafa. Kada a yi tarayya a mabuɗi ɗaya.

2. Babban mabuɗi ya kasance da shaida ta biyu, kamar lambar da ake aikowa ta waya. Amintattu biyu su san inda yake, don kada mutuwa ko tafiyar mutum guda ta rufe kamfani.

3. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a soke mabuɗinsa, a gida da siton haya duka.

4. A riƙe kwafi uku na bayanai, ɗaya a nesa da harabar kamfani, wanda ba ya haɗe da sauran na'urori. A riƙa gwada shi lokaci lokaci, gama kwafin da ba a taɓa buɗewa ba ba a san lafiyarsa ba.

5. A sa gyaran manhaja da zarar ya fito.

6. Hanyar da ta haɗa sito biyu ta zama rufaffiya, a juya bayanai zuwa rubutun asiri kafin su bi ta. A kuma ajiye rajistar masu shiga da fita, a riƙa duba ta.

Abin da Doka ta Ce

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin awa 72 da gane abin. Shiga kwamfutar wani ba da izini ba kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015.

Ana roƙon hakimai, in sun zauna da shugabannin masana'antun ƙasarsu, su yi musu tambaya uku: ina kwafi yake, wa ke riƙe da babban mabuɗi, yaushe aka gwada na ƙarshe? Magatakarda kuma su bi waɗannan ƙa'idodi a kwamfutocin ofishinsu, su karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan takarda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.