Tsohon soja da ciwon gaɓoɓi: yadda ake neman hakki

Jama'a, a Bambeye da sauran garuruwan Adar muna da tsofaffin soji. Kaɗan sun yi wa Faransa aiki kafin 1960, mafi yawa sojan Nijar ne. Ciwon gwiwa da na ƙugu ya raba waɗansunsu da hauya. Gona kuwa ba ta jira.

Mi ke kawo ciwon?

Inda ƙashi ya haɗu da ƙashi akwai guringuntsi. Tsufa, ɗaukar kaya mai nauyi, tsohuwar karaya ko targaɗe suna cinye shi. Sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Guringuntsin da ya cinye ba ya komowa, amma magani, motsa jiki a hankali da dogara sanda suna rage zafi.

Wa ke da hakki?

Ciwo kaɗai bai isa a biya mutum fanshon naƙasa ba. Sai an nuna cewa aikin soja ne ya kawo shi, ko ya ƙara shi. Likita ke auna naƙasar. A dokar Faransa, rauni sai ya kai kashi 10 cikin 100. Cutar da ta kama soja ba a lokacin yaƙi ba, sai ta kai kashi 30.

Abin da za mu tanada

1. Littafin soja.
2. Takardar asibitin soja ta lokacin da aka ji raunin.
3. Hoton ƙashi da takardar likita daga babbar asibitin Tawa.

Mu ajiye kofin kowace takarda. Ofishin tsofaffin soji na Yamai yana nuna hanya.

In an ƙi fa?

Mu nemi a rubuta mana dalili, mu duba ranar da ke kan takardar. Ɗaukaka ƙara yana da wa'adi. A Faransa, tun 2019, wata 6 ne a gaban hukumar sake dubawa, sannan kotu.

Kada mu karaya. A 1959 Faransa ta daskare fanshon sojojinta na Afirka. Wani tsohon saje na Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. A 2001 babbar kotu ta ba shi gaskiya, bayan rasuwarsa. A 2007 aka daidaita fanshon naƙasa da na Faransawa.

Ƴaƴanmu da ke cikin kaki yau, in kun ji rauni, ku sa a rubuta nan take. Tun ran gini, ran zane.