Kwanan daji kai kaɗai: irin gadon lilon da ya kamata ka saya

A nan Kudu ba a shimfiɗa tabarma a ƙasa kamar a gida. Ga laima, ga kwarkwasa, ga maciji. Wanda kwana ya kama shi kaɗai a daji, ko gadin shanu ne ko tirela ce ta lalace a hanyar Ore, gara ya rataya gadon lilo tsakanin bishiyoyi biyu.

In za ka saya, duba tsawo tukuna. Nemi mai kusan mita 3, don gajere lanƙwasa mutum yake, ka tashi da ciwon baya. Na yadin nailan ya fi na saƙar igiya, ba nauyi, ga saurin bushewa. Duba kilo nawa aka rubuta yana ɗauka.

Wajen ɗauri ake yawan kuskure. Kada ka ja shi ya miƙe kamar igiyar shanya. Bar shi ya ɗan yi ciki, tsakiyarsa daidai gwiwa, sannan ka kwanta a karkace. Ɗaga kai ka duba sama, busasshen reshe ko kwakwa in ta faɗo ba magana.

Gidan sauro dole ne, kuma wanda ya zagaye har ƙasan gadon, domin sauron Kudu ta cikin yadi ma yana cizo. Tampol a sama, ya zarce gadon ta kowane gefe. Ɗaura ɗan tsumma a kowace igiya, ruwan da ya biyo ta sai ya ɗiga nan.

Sai tocila, ruwan sha da waya mai caji. Kafin duhu, kira wani a Sabo ka gaya masa inda kake.